Takin da Ya Koma Gidansu

Aminiyata Tabawa, tun ranar sunan nan nake son in ba ki wani misali. Kin dawo kina ta huci, wai an yi ta rangaɗa guɗa ga masu baje kaya a tsakar gida, ke kuwa da kika yi sati guda kina kai wa mai jego kunun kanwa ta ƙofar baya, ko sunanki ba a ambata ba. To, saurara.

Wasu manoma biyu ne suka haɗa iyaka a bakin hanyar kasuwa, ɗaya magidanci mai ji da ƙarfi, ɗaya tsoho. A wata damina kowannensu buhu ɗaya tak ya samu na yuriya, farin takin nan mai tsaba-tsaba kamar gishiri. Masarar da suka shuka kuwa ita ce tuwon gidajensu har wata daminar, in ta ƙi, sai dai yara su yi ta kallon tukunya. Da masara ta kai gwiwa, sai magidancin ya jira ranar kasuwa, lokacin da hanya take cika da mutane. Rana ta take, sama ba ko ɗigon hadari. Ya cika ƙwarya ya shiga watsa taki kamar mai liƙi a gidan biki, har kunyoyin gonar suka yi fari fat. Masu wucewa suna ta cewa, "Kai, bana wane ya ciyar da gonarsa!" Shi kuwa sai ƙara buɗa hannu yake. Ya hango tsoho a gindin ɗorawa yana ferar wata 'yar sanda, ya ɗaga murya ya ce, "Baba, naka buhun fa? Ko jiƙa shi za ka yi ka sha?" Tsoho ya ce, "Ɗana, malamin gona ya ce abin nan daga iska ake kamo shi, a haɗa shi da gas a masana'anta har ya zama tsaba. Baƙo ne a ƙasa. In ba ka rufe masa ƙofa ba, gidansu zai koma." Magidanci ya yi dariya har da riƙe ciki.

Kwana shida ba a yi ruwa ba. Da safe raɓa ta narkar da takin, da hantsi rana ta ɗauke shi, har mai wucewa yakan ji wani wari mai yaji yana hawa masa kai. Wanda ya faɗa cikin ƙoƙon ganye kuma ya ƙona ganyen. Ran na bakwai Allah ya sauko da ruwa. Washegari, ƙasa na da danshi, tsoho ya fito da sandarsa da murfin kwalba. Ya huda rami nesa da gindin masara kamar faɗin tafin hannu, ya zuba murfi ɗaya, ya take da diddige, ya yi bisimilla ya matsa gaba. Kwana uku yana wannan duƙe-duƙen, bayansa na ƙara, ba wanda ya ce masa ko sannu, don ba abin gani. Bayan sati biyu gonarsa ta yi kore shar har tana baƙi-baƙi, ta maƙwabcinsa kuwa ta yi rawaya kamar mai ciwon shawara. Da kaka, tsoho ya cika rumbu da goyo manya-manya, magidanci ya kwashi 'yan guntaye. Masu yabon nan na ranar kasuwa, ko ɗaya bai zo da mudun masara ba. Tsohon ne ya aika masa da dami biyu bayan la'asar, a lulluɓe, ta ƙofar baya. Da wata daminar ta zagayo, sai ga magidanci yana sosa ƙeya, wai a ara masa sandar nan. Tsoho ya miƙa masa ya ce, "Ga ta. Amma ka sani, ita ba ta san ranar kasuwa ba."

Haka alheri yake, Tabawa. Wanda aka watsa a sarari, guɗa ce ke ɗauke shi. Wanda aka binne shi ke kaiwa ga saiwa, kuma Mai ganin ƙwayar da ke cikin ƙasa bai manta kununki ba. Hausawa sun riga sun gama magana: ba girin-girin ba, ta yi mai.

Sai dai don girman Allah zancen nan ya tsaya tsakaninmu. Magidancin nan, ai maigidana ne, ga shi can a zaurenmu yana ferar sabuwar sanda.