Ranar da Aka Bar wa Tanimu Rumfar Kilishi

Kai da kullum kake kukan yini ba ya isarka, zauna ka ji labarin wani mai kilishi da ɗansa. Tsohon nan shekara arba'in yana sana'ar, kuma bai taɓa ɗaukar wuƙa ba sai ya zauna bayan sallar asuba ya tsara yininsa: yankan nama falle-falle kafin rana ta ɗaga, shanya da hantsi, kwaɓin labu sai naman ya bushe ƙarau, gashi bayan la'asar. Duk abin da bai shiga tsarin nan ba, ko wane ne ya zo da shi, sai dai ya jira. Ɗansa Tanimu, magidanci mai 'ya'ya uku, gani yake wannan duk tsufa ne. Da ƙafa ta fara gagarar tsohon, sai ya sayi cinyar saniya biyu ya ce wa Tanimu, "Gobe rumfa taka ce. In kilishin ya fito, ka gaje ta. In bai fito ba, Barau ɗan ƙanena yana nan." Tanimu ya yi dariya a ransa, wai wannan ai ko ido rufe ya yi shi.

Gari ya waye, gogan naka bai zauna ya tsara komai ba. Ya fara yanka ke nan waya ta yi ƙara, ana musu a kan wanda zai shugabanci ƙungiyar mahauta. Ya ajiye wuƙa ya shiga sharhi da hannu duk maiƙo. Bai gama ba wani ya kira shi ya zo ya taya masa rago, ya ce minti biyar, bai dawo ba sai da hantsi ya dubi ludayi. Da ya ga rana ta yi, sai ya rikice ya kwaɓa labu, haɗin tunkuza da yajin nan da ake tsoma naman a ciki, alhali rabin naman ko yankawa bai yi ba. Labun ya zauna cikin zafin bazara yana tsami, shi kuwa yana bakin titi yana rabon faɗan ɗan acaɓa da mai lemo, faɗan da ko kusa bai shafe shi ba. Abin haushin, duk wanda ya gan shi ranar sai ya rantse babu wanda ya kai shi aiki, gumi sharkaf, sai kai da kawowa yake. Bai shanya nama ba sai bayan azahar, kuma kafin naman ya sha rana hadari ya taso daga gabas ya rufe ta. Ya tsoma ɗanyen nama a labu mai tsami, ya ɗora a wuta, wai wuta za ta gyara. Wuta ta ƙone bayan, cikin ya zauna a jiƙe.

Washegari tsohon ya dogara sanda ya zo. Tun daga bakin rumfa wari ya tare shi. Ya ɗaga falle ɗaya, ya yage a hannunsa kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Tanimu ya fara rantse-rantse, "Wallahi Baba, jiya ko zama ban yi ba, hadarin nan ne..."

"Rufe mini baki! Hadari da la'asar ya zo. Da hantsi kana ina? Kowa ya kira ka ka amsa, sai naman da na ba ka, don shi ba shi da baki!"

Ya juya ya ce a kira masa Barau. Tanimu ya tsaya takaici ya cika shi, ya rasa wanda zai ɗora wa laifi, don rana ta fito kamar yadda take fitowa kullum, shi ne ya rarraba ta ga duk wanda ya miƙo hannu. Yau in ka je rumfar za ka same shi a gefe, yana yanka wa Barau albasa a wurin da ubansa shi Tanimu ya kafa. Da ma Hausawa sun faɗa, da sanyin safiya ake kama fara.