Gidan da Ba a Tsufa

Kai da kake cewa abin da aka yi wa dabba a kan dabba yake tsayawa, gyara zama in ba ka misali.

An yi wani manomi mai lambu a bakin fadama, yana da wani baƙin kare da ya shigo gidan yana ɗan kwikwiyo, shekarar da manomin ya yi aure. Karen nan shi ke korar birai daga masara, shi ke raka yara kiwo, har ya taɓa shiga tsakanin 'yar gidan da kumurci. Ladansa bai wuce ƙanzo ba, bai kuwa taɓa rainawa ba. To, shi tsufa ba ya sallama. Haƙora suka zube, ido ya dushe, haushi ya koma tari. Biri ya karya masara a gabansa, sai dai ya raka shi da ido. Uwar manomin, tsohuwar da ita ma sai an sassauta mata tuwo, ita ta riƙa jiƙa masa ƙanzo a kasko, su wuni tare a ƙofar ɗakinta. Manomi kuwa abin ya tsaya masa a rai: ga baki yana ci, ba aikin fari ba na baƙi. Ranar wata kasuwa mai nisa ya ɗora karen a amalanke, bawan Allah sai kaɗa wutsiya yake, don an daɗe ba a fita da shi ba. Can bayan rumfar mahauta ya jefa masa ƙashi, ya zagaya ta layin masu gishiri, ya kora shanunsa bai waiwaya ba. Ya dawo gida da wani jan kwikwiyo a kwando, ya ce tsohon ya ɓace masa a cunkoso. Yara suka yi kuka, kafin hawaye ya bushe har sun fara rigimar wa zai ɗauki sabon. Tsohuwa ta dubi kwandon. Shi ne wanda aka fita da shi da safe, da tsumma a shimfiɗe a ciki tun daga gida. 

Daga makon nan sai tsohuwa ta sake hali. Kafin kowa ya taɓa tsintsiya ta share tsakar gida. Ta karɓe surfe, ta karɓe tsinkar zogale, in an kawo mata tuwo ta ci rabi ta mayar, tari in ya taso ta toshe shi da bakin zane. Manomi har daɗi yake ji, yana gaya wa abokansa Inna ta samu lafiya, ƙarfi ya dawo. Wata rana da hantsi ya dawo daga lambu ɗaukar igiya, sai ya hango ta ta tsagar zana, zaune a ƙasa gindin turmi, taɓarya ta fi ƙarfinta, tana haki, kwikwiyo na lasar kaskon nan a gabanta. Manomin shi ne ɗanta na fari, saboda kunya ko sunansa ba ta taɓa faɗa ba, balle ta dube shi ta kai kuka. Don haka da kwikwiyon take magana. Ko ta san ɗan nata yana tsaye, ko ba ta sani ba, Allah kaɗai ya sani.

Ta ce, “Ci da kyau, ɗan baƙo. Amma ka riƙe haƙoranka, kada kuma ka bari a ji tarinka. Gidan nan ba a tsufa. Ni ma da ka gan ni, ƙoƙari nake kada a ce in zo rakiyar kasuwa.”

Kunya ta rufe manomi, ya ji da ma mari ta yi masa a gaban 'ya'yansa. Ya kasa shiga, ya kasa komawa lambu. Kasuwa na zagayowa ya tafi neman karen. Mahauta suka ce sun san shi, ya yi kwanaki kwance daidai inda amalanken ta tsaya, ko an kore shi sai ya dawo, daga baya kuma ba su ƙara ganinsa ba. Manomi ya dawo hannu rabbana. Ya ɓoye taɓarya, ya hana a bar wa tsohuwa tsintsiya, ya durƙusa gabanta ya rantse har da hawaye. Ta ce, “Allah ya yi albarka,” idonta na ƙasa. Kwikwiyo ya girma cikin gata, da hannunsa manomi ke ba shi abinci, ya kuma yi alkawari a gidan zai tsufa. Amma tsohuwa, har ta koma ga Mahaliccinta, in ta ji takun ɗanta a zaure sai ta yi wuf ta jawo wani aiki ta riƙe, kowane karo kuwa sai ya sunkuyar da kai.

Kada ka ga laifinta. Ba shi ya koya mata karatun ba? Hausawa sun riga sun faɗa: in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.