Aiki Ya Katse Sau Uku

Farkon kowane wata, na'urar gari takan harhaɗa sabuwar manhajar da ke tafiyar da famfo, ƙofofi da asibiti. In aikin ya katse sau uku, sai ta koma kan ta watan jiya, ta manta duk wanda aka shigar tun daga lokacin.

Yau ya katse sau biyu.

Haladu, mai lura da allon na'urar, ya juya wurin ogansa. "Oga Isiyaku, ba a iya dakatar da ita?"

"Wa ya ba mu wannan maɓallin?" in ji ogan, yana ɓare gyaɗa. "Ta koma mana, ai ba yau farau ba."

Kwana tara ke nan da Talatu, matar Haladu, ta haifi bakwaini. Jaririyar, Ummi, na kwance a kwalbar asibiti, kwalbar kuwa ba ta ɗumama wanda ba ta sani ba.

Aikin ya kai tamanin cikin ɗari, ya tsaya. Allon ya yi ja.

Haladu ya kira Talatu a waya.

"Talatu, ciro ta daga kwalbar nan. Sa ta a ƙirjinki, ki ɗaure da zani."

"Lafiya, Baban Ummi? Likita ya hana a taɓa ta."

"Ciro ta na ce. A wurin na'urar, ba a haife ta ba tukuna."