Furanni Rawaya

Cikin dare ta ji wani sauti daga kicin, ƙyas, ƙyas, kamar ɓera na cin takarda. Ta ɗauka ɗanta ne ya dawo daga silima, ta koma barci.

Da hantsi tana layi a bankin garin, sanye da rigar da ta ɗinka da buhun fulawa mai furanni rawaya, sai ga mutum uku da bindigogi, fuskokinsu a rufe.

"Kowa ya kwanta! Tsohuwa, har da ke!"

Ta ɗaga ido ta dubi na ukunsu. Ƙyallen fuskarsa furanni rawaya ne. Ashe almakashi ta ji jiya.

Tana kwance ta ja kwat ɗinta ta rufe rigar ruf.

Da motarsu ta ɓace cikin gonakin masara, ɗan sanda ya tara mutane. "Wa ya ga wata alama?"

Maƙwabciyarta, da ita ma ke cikin taron, ta sunkuya, ta murza gefen rigar da ya leƙo.

"Ni kam, ƙawata, sauran buhun nan da kika ce za ki ba ni, yana ina?"