Tsohon da Ya Ƙi Koyon Iyo

Shekara ashirin da takwas Wietse Hoekstra yana tuƙa jirgin fito a kogin garinsu, yana ƙetarar da mutane da kekunansu, amma ko matarsa Baukje ba ta san bai iya iyo ba. A ƙasar Holan, inda ɗan shekara shida yake da takardar shaidar iyo liƙe a bango, wannan ba abin faɗa ba ne. Sai ga sabon manaja da sabuwar doka: duk wanda bai kawo tasa takardar ba kafin ƙarshen watan Mayu, ya sauka daga jirgi.

Wietse ya ce wa Baukje ya shiga ƙungiyar masu wasan karta. Duk Talata sai ya hau jirgin ƙasa zuwa ajin koyon iyo a wani gari da ba a san fuskarsa ba, da gajeren wando ƙunshe cikin jarida.

Tun ranar farko ya ga an ci kuɗinsa a banza. Ƙaton da ke tsaye bakin tafkin iyon da usur a wuya, Sjoerd, wanda ya ɗauka shi ne malami, ko yatsan ƙafa ba ya jiƙawa. Ya hura usur, ya yi hamma, ya dubi agogo. Su shida ne a ajin manya, duk sun maƙale a bango suna kallon ruwa kamar wanda ya ci musu amana.

Wanda ya fi kowa ban tausayi shi ne Douwe, wani tsoho mai ƙafafu kamar sillen kara. Kullum shi ke riga kowa zuwa, kullum kuma shi ne na baya a wajen koyo. Yana shiga ruwa ya cafke hannun Wietse.

"Ɗana, wace sana'a kake yi?"

"Tuƙin jirgin ruwa," in ji Wietse, kafin ya kama bakinsa.

"Na gode Allah! Jama'a, ga mutumin ruwa a cikinmu! Shi ke nan, kai za ka riƙe ni."

Wietse ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Amma ta yaya matuƙin jirgi zai ce wa sa'an ubansa shi ma tsoro yake ji? Ya danne zuciyarsa, ya saki bango.

Haka tsohon nan ya zame masa kaya. Yau ya ce Wietse ya fara yin gaba ya auna masa zurfi. Wani mako ya ce bai gane yadda ake fitar da numfashi a ƙarƙashin ruwa ba, a nuna masa, a sake, a ƙara sakewa, kansa ya tsufa. Rannan haƙoransa na roba suka faɗa ƙasan tafki, ya tsaya yana mammatsa baki abin tausayi, sai da Wietse ya yi nutso sau huɗu ya lalubo su. Kowa a ajin da irin wahalar da Douwe ya ɗora masa, har suka daina tuna nasu tsoron don fama da nasa. Sjoerd kuwa, kafin ya hura usur sai ya saci kallon tsohon. Wietse ya ce a ransa, ashe dai ƙaton yana da ɗan imani.

Ranar jarrabawa ta faɗo Talatar ƙarshe ta Mayu. Za a faɗa ruwa da riga da wando da takalmi, a je wancan bango a dawo. Mutum huɗu suka yi, suka fito suna haki suna dariya. Wietse ya tsaya a baki, ya leƙa wajen zurfi, ya kasa faɗawa. Ya tuna jirginsa da ƙarar injinsa da safe, ya ji hawaye na neman zubo masa. Ya juya zai tafi.

Sai ya ji tsulum daga can ƙarshen tafki.

"Ɗana! Wayyo, ɗana!"

Douwe ne, hannu ɗaya a sama, ruwa na shanye shi. Sjoerd ko gezau. Wietse bai san lokacin da ya yi tsalle ba. Ya keta ruwa da takalmansa, ya cafo wuyan rigar tsohon, ya juya rigingine, ya jawo shi har inda ya taso. Yana fitowa ya yi kan Sjoerd.

"Kai wane irin malami ne? Mutum na mutuwa kana tsaye kamar turke! Sa mini hannu a takardata in tafi, amma wallahi sai na kai ƙararka. Kuma a bar Baba ya maimaita ajin, ni zan tsaya masa."

"Ka ci jarrabawa, na taya ka murna," in ji Sjoerd. "Amma ni mai gadin tafki ne, ba na sa hannu. Sai malami."

"To yana ina, malamin da wata uku bai leƙo mu ba?"

Sjoerd ya nuna da usur inda Douwe ke zaune yana matse safarsa.

"Ai shi ka tsamo yanzu. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana nutsewa duk Talata, kuma har yau ba ɗalibinsa da ya taɓa faɗuwa jarrabawa."