Ƙawar da Ke Kujerar Baya

Baba ya taka burki a makare, motar ta tsaya hancinta ya ɗan wuce farin layi.

"Burkin nan yana son gyara," in ji shi.

Auta, ƙaramar 'yarsa, ta yi dariya a gefensa. Ƙawarta da ke kujerar baya ta rubuta wani abu a ɗan littafinta.

Shekara talatin da takwas Baba ya yi yana jan bas ta dogon zango, ko kaza bai taɓa takewa ba. Amma tun ranar da ya goga gefen motarsa a ƙofar gareji, babban ɗansa ya sa shi a gaba, kullum maganar ɗaya: ya kawo makulli. Baba ya ce sai dai a zare daga aljihun gawarsa. Duk gidan Auta ce kaɗai ta tsaya masa, ita ce ma ta kawo shawarar tafiyar kwana biyar a hutun bazara, ta ƙananan garuruwan da ya saba ratsawa.

"Kai za ka ja mu, Baba. Mu nuna wa Yaya."

Ƙawar kuwa, cewa ta yi rubuta labarin tafiye-tafiye take yi.

Baba yana da doka tun yana aiki: duk awa biyu a tsaya, inji ya huce, direba ya miƙe ƙafa. Saboda haka kowane gari sai sun sauka sun taka. A na farko suka bi bakin rafi. A na biyu suka zagaya tsohuwar tasha, ya nuna musu bencin da yake zama ya karya kumallo. A na uku suka hau tudun bayan makaranta, yana gaba, 'yan mata suna haki a baya, shi kuwa baki har kunne.

Ƙawar nan akwai tambaya. Me aka rubuta a allon can? Waccan fitilar kore ce ko ja? Ta fi son tafiya ta hagunsa, ta miƙo masa gorar ruwa ba tare da ta ce komai ba. Sau biyu bai gani ba sai da ta taɓa hannunsa. Ya laƙaba mata Malama Rubutu, kuma jininsu ya haɗu. An daɗe ba a saurare shi haka ba.

Rana ta huɗu, Auta ta tsaya ɗaure takalmi, Baba ya rage murya.

"Idon hagun nan yakan yi mini duhu daga gefe. Kar ki faɗa wa ƙawarki, damuwa za ta yi."

"Ba zan faɗa mata ba, Baba."

Suka dawo gida lafiya, mota ko ƙwarzane babu. Baba ya kaɗa wa babban ɗansa makulli a fuska.

Bayan sati uku takarda ta zo daga ofishin lasisi. Rubutun ƙanana ne, sai ya miƙa wa Auta. Ta karanta da sauri: an janye lasisinsa bisa rahoton likita. Ta ninke takardar tun ba ta kai ƙarshe ba.

Ransa ya ɓaci. Ya kira ɗansa a waya.

"Hankalinka ya kwanta? Ka yi nasara."

"Wallahi Baba ban san zancen da kake yi ba."

Baba ya ɗauko tabarau, ya je bakin taga, ya rufe idon hagu da tafin hannu, ya bi shafin layi-layi. A ƙasa ga ainihin sunan Malama Rubutu, an rubuta likitar ido a gefensa. A layin wanda ya nemi a yi binciken kuwa, sa hannun Auta ne, da kwanan watan sati biyu kafin ta ce masa su nuna wa Yaya.