Gefen da Wuta Ta Ci

Ƙarfe huɗu na yamma wata nas ta hau benen tsohon gidan da mutane ke tsoron giftawa ta ƙofarsa. Shekara uku ke nan da gobara ta cinye rabin fuskar mai gyaran agogon da ke zaune a can. Tun lokacin bai buɗe taga ba, unguwa kuma Dodon Bene take ce masa.

Ta same shi zaune yadda ya saba, lafiyayyen gefen wajen baƙo, ƙonannen wajen bango.

"Yayanki ya zo jiya," ya ce, idonsa a kan agogon hannunsa. "Wai ba za su ba dodo aure ba. Gaskiyarsa. Na janye."

"Da izinin wa?"

"Nas, ki dube ni mana."

"Ai dubawar ka hana."

Ta ɗauki kujerarta, ta zagaya teburin, ta zauna tsakaninsa da bango. Ya ɗaga hannu zai rufe kuncin, ta tsare shi da ido har ya sauke.

"Malam, wata huɗu ina wanke wannan gefen safe da yamma. Na san inda ya ƙi warkewa, na san ranar da ya daina zogi. Wancan kyakkyawan da kake nuna mini shi ne baƙona."

Dariya ta kuɓuce masa, tabon ya karkata bakinsa.

"To, Yaya fa?"

"Bar ni da shi. Kai dai kawunka ya zo neman aurena ranar Asabar. In bai zo ba, ni zan ɗauko shi."